Yadda Ake Gwada Jirgin Iska na Tsere da Yawo Kafin a Amince Masa a Ruwan Yawuri

Akwai wani nau'in jirgin ruwa da iska take turawa, wanda maƙeransa suka ɗora masa aiki biyu: ya yi gudu har a shiga gasa da shi, kuma ya kasance yana da ɗaki a cikinsa mai gadaje da murhu da makewayi, yadda iyali za su iya kwana biyu ko uku a kan ruwa. Yawancin irinsa da ke Najeriya suna Legas, inda ƙungiyar masu jiragen iska take tun 1932, kuma a can na koyi tuƙinsa. Tun da na dawo gida nake samun masu tambaya, musamman bayan an kalli tseren jirage a bikin Rigata na Yawuri, ko zai yiwu a ɗauko irin wannan jirgi a kan tirela a saka shi a tafkin Kainji. Zai yiwu, amma jirgin da aka ƙera domin tekun Turai ba ya zama amintacce a ruwanmu don kawai yana da kyan fenti da saurin tafiya. Sai an gwada shi, kuma gwajin yana da tsari.

Sunayen sassansa kaɗan ne. Jigo shi ne dogon sandan da yake tsaye a tsakiya. Ƙyallen iska, wanda wasu suke kira filafilai, guda biyu ne, babba a bayan jigo da ƙarami a gabansa. A ƙarƙashin jirgin akwai wani faffaɗan faranti mai nauyi na darma ko baƙin ƙarfe da ake kira kil, kuma shi ne yake hana jirgin kifewa, yake kuma hana iska ta ja shi gefe. A baya akwai allon sitiyari da sandar da ake juya shi.

Fara da alƙalami, tun kafin ka taɓa jirgin

Nemi takardun jirgin ka fitar da lambobi biyar: tsawonsa a daidai layin ruwa, faɗinsa, nauyinsa gaba ɗaya, nauyin kil, da zurfin da yake nutsewa. Mu ɗauki misalin jirgi mai tsawon ƙafa 30, wanda ƙafa 25 ce take kwance a ruwa, faɗinsa ƙafa 10, nauyinsa fam 8,000, wato kusan kilo 3,600.

Gudun da irin wannan jirgi ba ya cika wucewa ana samunsa ne ta neman lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba da tsawon layin ruwa, sannan a ninka ta da 1.34. A misalinmu lambar 5 ce, domin biyar sau biyar 25 ne, amsar kuwa 6.7. Ma'aunin gudun jirgin ruwa ana kiransa not, kuma not ɗaya kilomita 1.852 ne a awa, saboda haka jirgin zai yi kusan kilomita 12 da rabi a awa. Duk mai sayarwar da ya ce maka jirgi mai wannan tsawo da wannan nauyi yana yin kilomita 25 a awa kullum, ka san bai faɗi gaskiya ba.

Sannan ka raba nauyin kil da nauyin jirgin. A irin waɗannan jirage akan samu kashi 35 zuwa 45 cikin 100. Amma inda nauyin yake ya fi yawansa muhimmanci, domin darma da aka tara a can ƙasan kil ta fi ƙarfe mai nauyi ɗaya da yake kusa da cikin jirgin ƙarfin tayar da shi.

Lissafi na uku shi ne wanda na fi damuwa da shi, kuma yana da tarihi mai ɗaci. A watan Agusta na 1979 jirage 303 suka tashi daga Ingila a gasar Fastnet, guguwa ta same su a tsakiyar teku, 86 kaɗai suka kammala, aka bar 24 a ruwa, kuma matuƙa 15 daga cikin masu gasar suka rasu. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa jirage marasa nauyi masu faɗin ciki, waɗanda aka ƙera domin su ci gasa, idan suka kife sukan daɗe a kife kafin su dawo daidai. Daga nan ne masana a Amurka suka fitar da wani lissafi mai sauƙi: a raba nauyin jirgi na fam da 64, a nemi lambar da idan aka ninka ta da kanta sau uku za ta ba da wannan amsa, sannan a raba faɗin jirgin da ita. Namu 8,000 a raba da 64 ya ba da 125, lambar ita ce 5, domin biyar sau biyar sau biyar 125 ne, kuma 10 a raba da 5 ya ba da 2. Abin da ake so shi ne ƙasa da 2, wato jirgin misalinmu yana kan iyaka. Da nauyinsa fam 14,000 ne da faɗi ɗaya, da amsar ta sauko wajen 1.7. Wannan lissafi ba hukunci ba ne na ƙarshe, tun da bai kula da inda nauyin yake ba, amma yana nuna maka halin da maƙerin ya fi karkata gare shi, ko tsere ko zaman lafiya.

Idan jirgin na Turai ne kuma an ƙera shi daga 1998 zuwa yau, za ka ga wani ɗan allo a kusa da wurin zaman matuƙi mai ɗauke da harafi da adadin mutanen da aka yarda ya ɗauka. Harafin A na babban teku ne, B na jirgin da zai jure raƙuman ruwa har mita 4, C har mita 2, D kuwa na ruwa mai natsuwa. Domin tafkin Kainji ba zan karɓi abin da ya gaza C ba. Adadin mutanen kuma a ɗauke shi da gaske. Mutanen Ngaski ba su manta da jirgin da ya nutse kusa da Wara a watan Mayun 2021 ba, ɗauke da mutane fiye da 150, lodin da ya wuce ƙarfinsa nesa ba kusa ba.

Duba shi a tudu, ka daɗe a wajen kil

Kada ka yarda a nuna maka jirgin yana kan ruwa kawai. A fito da shi, a wanke cikinsa, ka zagaya shi da ƙaramar guduma ta roba ko ta itace kana ƙwanƙwasawa. Jikin faiba, wato haɗin zaren gilashi da roba da ake ƙera irin waɗannan jirage da shi, idan yana da lafiya yana amsawa da ƙara mai kaifi, inda ya ɓanɓare ta ciki ko ya sha ruwa kuwa sai ka ji ƙarar ta mutu, kamar an bugi tulu mai tsaga. Idan ka ga ƙuraje a jikin, ka huda ɗaya, in ruwa mai warin tsami ya fito to ruwa ya shiga cikin faibar. Wannan ciwo ya fi saurin yaɗuwa a ruwan daɗi mai ɗumi, wato irin namu, don haka a gyara shi kafin a kawo jirgin arewa.

Daga nan ka durƙusa wajen da kil ya haɗu da cikin jirgin. Kil ɗin irin waɗannan jirage ɗaure shi ake yi da manyan kusoshi masu noti, kuma ran duk wanda ke cikin jirgin yana rataye a kansu. Ka nemi tsaga a gaban mahaɗar da bayanta, da jan ruwan tsatsa da yake zubowa daga ciki. Sannan ka shiga ɗaki, ka ɗaga allunan ƙasa, ka haska tocila a kan notunan da haƙarƙarin da yake kewaye da su. Idan jirgi ya taɓa bugun dutse da gudu, gaban kil yakan fizgo ƙasa, bayansa kuma ya soki cikin jirgin ta sama, shi ya sa tsagar takan ɓoye a bayan noti na ƙarshe. Sabon fenti a wannan wuri kaɗai, alhali sauran ƙasan tsoho ne, abin tambaya ne. A 2014 wani jirgi mai suna Cheeki Rafiki, ƙirar Beneteau First 40.7, wanda shi ma na tsere da yawo ne, kil ɗinsa ya fita a tsakiyar tekun Atlantika yana kan hanyar komawa Ingila daga Antigua, ya kife, mutane huɗun da ke ciki suka rasu. Masu bincike sun yi nuni da bugun ƙasa da jirgin ya taɓa yi a baya da gyare-gyaren da aka yi masa a wajen.

Na tsaya a kan wannan ne saboda halin ruwanmu. Lokacin da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya rufe gonaki da dazuzzuka da tsohon garin Bussa, har da duwatsun da Bature mai yawon bincike Mungo Park ya halaka a kansu a 1806. Kututturan itatuwa suna nan a tsaye a ƙarƙashin ruwa, kuma tsakanin cikar tafkin da janyewarsa akan samu bambancin kusan mita 10 a shekara. Wurin da ka wuce lafiya a watan Janairu, lokacin da cikowar kogin Neja da ake kira baƙin ruwa ta iso daga can mafarin kogin a ƙasar Gini, yana iya zama tarko a watan Yuni. Kwale-kwalen katako yana shawagi a ruwan da bai kai gwiwa ba, jirgin misalinmu kuwa yana buƙatar mita ɗaya da rabi ko fiye, kuma yakan ƙara nutsewa kaɗan a ruwan daɗi domin bai kai na teku nauyi ba. A ra'ayina, wanda zai saya domin Yawuri ya nemi mai gajeren kil ko wanda ake iya ɗaga kil ɗinsa, ko da zai rasa wani abu na gudu.

Sauran dubawar ba ta da wuya. Ka girgiza allon sitiyari ka ji ko yana da wasa. Ka shafa tsumma a wayoyin da suke riƙe jigo, in ya maƙale to silin waya ya tsinke, kuma wayar da ta shekara goma akan canza ta ko da ba ta nuna komai ba. Ka karce ɗinkin ƙyalle da farce, zaren da rana ta cinye zai tsinke nan take. Ka buɗe ka rufe kowane famfon da ya huda cikin jirgin. Ɗan ƙarfen da ake maƙalawa a ƙasa domin tsatsa ta ci shi a madadin farfela, wanda a teku na zinki ne, a canza shi da na maganiziyam, domin shi ne yake aiki a ruwan daɗi.

Ranar fita ta farko

Ka zaɓi ranar hunturu mai matsakaiciyar iska, irin wadda take tayar da ƙura tana kaɗa ƙananan rassa, ana ganin farin kumfa jefi-jefi a kan ruwa. A ma'aunin da Francis Beaufort ya tsara a 1805 wannan mataki na 4 ne, wato not 11 zuwa 16. Ku kasance aƙalla mutum uku, kowa sanye da rigar kariya tun daga bakin kwata, da kwale-kwale mai inji yana bin ku. Kafin wannan rana ka je ka gaida Sarkin Ruwa, ka roƙi a haɗa ka da dattijon masunci da ya san inda kututture da dutse da dorina suke. Sarkawa da Gungawa sun san ƙasan wannan ruwa fiye da kowace na'ura da za ka saya, kuma idan dattijon ya ce maka, “Malam, kada a bi ta nan,” ka juya ba tare da gardama ba. Ka kuma tuna jigon jirgi mai ƙafa 30 yakan kai mita 12 ko fiye daga saman ruwa, saboda haka ka san inda wayar lantarki ta ƙetare kafin ka isa wurin.

Gwajin farko shi ne tafiya ana fuskantar iska. Wanda ya saba ganin an ɗaura buhu a gora iska tana tura kwale-kwale ta baya yakan yi mamakin wannan, amma jirgi mai kil yana iya tafiya ta ɓangaren da iska take fitowa, muddin ya kauce mata da kusan digiri 45. Ka ja ƙyallayen biyu su matse, ka karanta kamfas, ka juya goshin jirgin ta cikin iska zuwa ɗaya gefen, ka sake karantawa bayan ya daidaita. Bambancin ya kamata ya faɗo tsakanin digiri 80 da 90. Idan ya haura 100, ko dai ƙyallen ya tsufa ya yi tumbi, ko cikin jirgin ya yi gansakuka, ko wayoyin jigo sun saki. Ka waiwaya ka dubi sawun da jirgin yake bari a ruwa: idan ya karkace sosai daga tsakiyar bayan jirgin, to gefe yake zamewa maimakon gaba. Gudun kuwa ka auna shi da wayarka, amma da yake ruwan Neja yana da ja a wajen Yawuri, ka auna zuwa da dawowa ka ɗauki tsakiya.

Gwaji na biyu shi ne wanda yake bayyana halin jirgin. Yana cikin tafiya a karkace, ka saki sandar sitiyari. Jirgi na ƙwarai zai juya goshinsa sannu a hankali zuwa cikin iska, ƙyallen ya fara kaɗawa, ya rage gudu ya miƙe. Wannan shi ne abin da ake so, domin idan matuƙi ya faɗi ko ya suma jirgin zai tsaya da kansa. Idan ya fizge da ƙarfi har sai ka sa hannu biyu kafin ka riƙe shi, babban ƙyalle ya yi masa yawa ko jigon ya kwanta baya. Wanda ya fi haɗari shi ne jirgin da yake juya wa iska baya idan an sake shi, domin zai ƙara gudu ne, kuma sandan da ke ƙasan babban ƙyalle zai iya sharo ta ɗaya gefen ya bugi kan mutum. Irin wannan ba a fita da shi sai an gyara tsayuwar jigonsa.

Ka lura da yawan karkatarsa. Tsakanin digiri 15 da 20 yawancinsu suke jin daɗin tafiya, idan ya wuce 25 kuwa ba ƙarin gudu yake yi ba, wahala kawai yake sha, kuma masu faɗin baya allon sitiyarinsu yakan fara fita daga ruwa har jirgin ya ƙi jin magana. Bayan haka ka gwada iska ta gefe, inda ya kamata ya kusanci gudun da ka lissafa a takarda, sannan iska ta baya.

Rage ƙyalle, tsayawa, da ɗauko wanda ya faɗa

Ƙarfin da iska take dannawa a kan ƙyalle ba ya tafiya daidai da gudunta: idan gudun ya ninka biyu, ƙarfin yakan ninka huɗu. A yankinmu kuma hadarin farkon damina da na ƙarshenta daga gabas yake tasowa, ya turo iska mai sanyi da ƙura a gabansa kafin ruwa ya sauka, kuma tsakanin ganin baƙinsa da isowarsa ba a cika samun lokaci mai yawa ba. Na taɓa jinkirta rage ƙyalle domin ina jin daɗin gudun da muke yi, iska ta kwantar da mu har ruwa ya shigo wurin zama, kuma nauyin kil ne ya tayar da mu bayan na saki igiya. Tun daga ranar nake auna wannan aiki da agogo.

Yadda ake yi shi ne, a karkata goshi kusa da iska, a sassauta igiyar babban ƙyalle, a sauke shi zuwa layin farko na ramukan da aka yi masa domin rage shi, a maƙala zoben gaba, a sake jan igiyar ɗagawa ta yi tauri, sannan a ja igiyar da take matse bayan ƙyallen. Mutum biyu da suka saba ya kamata su gama cikin minti biyu zuwa uku. Idan igiyoyin suna cijewa ko sai wani ya yi rarrafe zuwa wuri mai santsi ba tare da abin riƙewa ba, a gyara tsarin tun a kwata. Ku maimaita har sau uku, sannan ku gwada sauke ƙyallayen gaba ɗaya da tayar da inji, domin idan babban hadari ya taso wannan ne abin yi.

Sai gwajin tsayar da jirgi a tsakiyar ruwa ba tare da anka ba. Ka juya goshi ta cikin iska amma kada ka saki igiyar ƙaramin ƙyalle, ka bar shi iska tana bugunsa ta baya, ka sassauta babban, ka tura sandar sitiyari zuwa gefen da iska take tafiya ka ɗaure ta. Jirgin da ya iya wannan zai lafa, yana ɗan zamewa a hankali, har a samu damar yin salla ko cin abinci ko kula da wanda ya ji rauni. Masu siririn kil da aka fi ƙerawa domin tsere sukan yi ta jujjuyawa, sai an yi ta gyara ƙyallen kafin su natsu, kuma gara ka san haka a rana mai sauƙi.

Daga nan ka jefa jarka da aka cika rabi da ruwa, ka ɗauka mutum ne. Ɗaya daga cikinku ya nuna ta da hannu kada ya ɗauke ido, kai kuma ka zagayo ka tunkare ta kana fuskantar iska domin jirgin ya tsaya a gefenta. Za ka gane cewa gefen irin wannan jirgi yana da tsawo, kuma jawo babban mutum mai jiƙaƙƙun kaya ba ya yiwuwa sai da tsani ko igiya da winci, wato na'urar jan igiya.

Kafin ku koma, ka zuba bokiti huɗu ko biyar a wurin zaman matuƙi ka ga ko magudanan suna zubar da ruwan da sauri, ka buga famfon hannu ka tabbata yana jan ruwa, ka watsa ruwa a kan tagogi da murfin ɗaki wani yana ciki yana duban yoyo. Ka saki anka da igiya mai tsawon ninki biyar na zurfin wurin, ka ɗaura wata siririyar igiya mai ɗan gora a kan ankar, domin a ƙasa mai kututture da ita za ka zare ta idan ta maƙale. Ku iso kwata da sauran rana, tun da hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa ta hana tafiyar dare. Da kun ɗaure jirgin, ka sake ɗaga allunan ƙasa ka taɓa wajen notunan kil da busasshen hannu. Idan ka samu ruwan da babu shi da safe, ka shanye shi da tsumma, ka barbaɗa hoda a kewayen kowane noti, ka dawo washegari ka ga ta inda ya ɓullo.